Ansel Adams: Mutumin da ya sasanta kyamara da zafin rana

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto bayan an sauko daga sallar Juma'a a Mai Wurno, ko a wani ƙauyenmu na Jazira da Nilul Azraƙ, ya san abin da ke biyo baya. Dattijo ya sha farar jallabiya da rawani, rana ta take tsaka, ka ɗaga waya ka danna. Da ka duba, ɗayan biyu ne. Ko dai rigar ta fito tas amma fuskar ta zama baƙi ƙirin, ba ka ganin ido ba ka ganin hanci, ko kuwa fuskar ta fito amma rigar ta ƙone, ta koma farin fili babu ɗinki babu ninki. Sai a ce ai wayar ce ba ta da kyau. Sau da yawa kuwa ba laifin waya ba ne. Matsala ce da ta girmi waya nesa ba kusa ba, kuma akwai mutumin da ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa wajen warware ta. Sunansa Ansel Adams, Ba'amurke mai ɗaukar hoto, wanda ya rasu a 1984.

Kusan duk aikinsa a yammacin Amurka ya yi shi, tsakanin duwatsu da hamada inda rana ke dukan ƙasa babu sassauci. Abin da ya gano a can, in aka taƙaita, shi ne na'urar auna haske ba ta san abin da kake kallo ba. Kai ne za ka yanke shawara, tun kafin ka danna, wane abu ne a gabanka ba za ka yarda ya ɓace ba.

Yaron da makaranta ta gagare shi

An haifi Ansel Easton Adams ranar 20 ga Fabrairun 1902 a birnin San Francisco na jihar Kalifoniya, shi kaɗai ne a wurin iyayensa. Yana shekara 4 aka yi babbar girgizar ƙasar da ta rusa birnin a 1906. Wata girgiza da ta biyo baya ta maka shi da bango, hancinsa ya karye, kuma haka ya zauna a karkace har ƙarshen rayuwarsa. Gidansu da can gidan masu hali ne, kakansa ya tara dukiya da cinikin katako, amma karayar tattalin arzikin 1907 ta taɓa su sosai.

Yaro ne da ba ya iya zama wuri guda. An sauya masa makarantu an gaji, yana shekara 12 mahaifinsa ya cire shi ya mai da karatunsa gida. A lokacin ne ya kama kaɗa piyano, ya riƙe shi da gaske, har ya shafe shekaru fiye da goma yana ganin sana'arsa ke nan. Wannan horo bai tafi a banza ba. Mai piyano ya saba da sauti hawa-hawa, kowane maɓalli da matsayinsa tsakanin na ƙasa da na sama. Daga baya haka Adams ya riƙa kallon haske, daga baƙi zuwa fari, kowane launi da gurbinsa.

A 1916 iyayensa suka kai shi kwarin Yosemite, wurin manyan duwatsu da ruwa mai zubowa daga sama, mahaifinsa ya ba shi ƙaramar kyamara ta akwati ƙirar Kodak Brownie. Tun daga nan ya riƙa komawa Yosemite shekara bayan shekara. A 1919 ya shiga ƙungiyar Sierra Club mai kare dazuzzuka, ya yi damina da dama yana gadin masaukinta a kwarin. A can ya haɗu da Virginia Best, 'yar wani mai zane da ke da shago a wurin, suka yi aure a 1928.

Faranti biyu da suka rage

Ranar da ta sauya tunaninsa ta zo a watan Afrilun 1927. Ya hau dutse tare da abokansa, ɗauke da babbar kyamara mai ƙafa uku da farantan gilashi, domin a lokacin a kan gilashi yake ɗaukar hoto. Burinsa ya ɗauki fuskar dutsen da ake kira Half Dome daga wani tsauni mai nisan sama da mita 1,000 daga gindin kwarin. Kafin su isa ya kusa cinye farantan, saura biyu kacal.

Na farko ya ɗauka da matatar haske ruwan ɗorawa a gaban idon kyamara, kamar yadda kowa ke yi don sama ta ɗan yi duhu. Yana gamawa ya ga cewa hoton zai fito daidai da abin da ido ke gani, amma ba zai ɗauko nauyi da kwarjinin da dutsen ya cika masa zuciya da su ba. Sai ya sauya matata, ya sa ja mai duhu, wadda ke tare shuɗin haske. Jar matata tana cin haske da yawa, don haka ya bar idon kyamarar a buɗe na daƙiƙa 5. Da ya wanke farantin, sama ta fito kusan baƙa, dutsen ya tsaya a gabanta kamar zai yi magana. Hoton ne ya yi suna da Monolith.

Darasin da ya ɗauka shi ne, dole mai hoto ya ga hoton a zuciyarsa kafin ya ɗauka, sannan ya nemo dabarar da za ta kai shi can. Amma a ranar, ƙwarewa da sa'a ne suka taimake shi. Sai da ya yi shekara 12 kafin ya mai da abin lissafi da za a iya koya wa wani.

A 1930, a garin Taos na jihar New Mexico, ya haɗu da mai hoto Paul Strand, wanda ya nuna masa nagetif ɗinsa, wato fim ɗin da aka wanke amma ba a buga a takarda ba. Adams ya ga inuwa mai cike da bayani da fari wanda bai ƙone ba, duk a cikin hoto guda. Wannan ne ya raba masa gardama tsakanin piyano da kyamara. A 1932 shi da Edward Weston da Imogen Cunningham da Willard Van Dyke da wasu suka kafa ƙungiyar f/64. Sunan ya samo asali ne daga wata ƙaramar ƙofar haske a idon kyamara, wadda ke sa komai ya fito rangaɗau daga kusa har nesa. Manufarsu a bar hoto ya zama hoto, a daina dusashe shi don ya yi kama da zanen hannu, kamar yadda ake yayi a lokacin. A 1936 Alfred Stieglitz, wanda ake ganin shi ne uban masu hoto na Amurka a zamanin, ya shirya masa baje koli shi kaɗai a New York.

Shekara guda bayan haka gobara ta kama ɗakin wankin hotonsa a Yosemite. Weston yana wurin a matsayin baƙo, suka kwana suna tsamo abin da za a iya ceta suna wankewa, amma nagetif kusan 5,000 sun salwanta. Farantin Monolith ya tsira, sai dai wuta ta taɓa gefensa. Wanda ya bar gidansa a Wad Madani ko Sinja bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023, ya dawo bai tarar da hotunan iyaye da kakanni ba, ba ya buƙatar a yi masa bayanin irin wannan rashi.

Mita ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba

A shekarun 1930 ne na'urar auna haske mai aiki da lantarki ta shigo kasuwa, kamfanin Weston na Amurka na cikin na farko. Ba shi da alaƙa da abokinsa Edward Weston, suna ne kawai ya zo ɗaya. Masu hoto suka yi murna, a ganinsu an huta da kintace. Amma mitar tana da wata ɗabi'a da har yau kyamarori suka gada. Duk abin da ka nuna mata, tana ɗauka cewa ruwan toka ne na tsaka-tsaki, irin wanda ke mai da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Nuna mata farar riga, za ta ce haske ya yi yawa, ta rage, rigar ta fito toka-toka. Nuna mata baƙin buhun gawayi, za ta ce ya yi kaɗan, ta ƙara, buhun ya fito toka-toka. Ita ba ƙarya take yi ba, abin da aka gina ta a kai ke nan.

Shi ya sa idan ka ɗauki mace tana tsinkar auduga a hawasha, farin da ya cika filin yakan yaudari kyamara ta rage haske, fuskar matar ta nutse cikin duhu. Rana mai ƙarfi kuma tana ƙara wani abu. Tazarar da ke tsakanin farin da rana ta doka da inuwar da ke ƙarƙashin rawani tana iya kaiwa ninki ɗaruruwa, wani lokaci har dubu. Idon mutum yana iya daidaita kansa ya ga duka biyun. Fim da takarda ba sa iya ɗaukar wannan tazara gaba ɗaya.

A wajen 1939 zuwa 1940, yana koyarwa a makarantar Art Center da ke Los Angeles, Adams da abokin aikinsa Fred Archer suka tsara hanyar da ake kira Zone System da Turanci. Mu ce tsarin zanguna. Ilimin da ke ƙarƙashinsa ba sabo ba ne, tun 1890 Ferdinand Hurter da Vero Driffield suka auna yadda fim ke amsa haske a Ingila, kuma Adams bai taɓa ɓoye haka ba. Abin da suka yi shi da Archer shi ne sauko da ilimin daga ɗakin bincike zuwa hannun mai kyamara.

A siffar da tsarin ya zauna a kai, an raba hanya daga baƙi zuwa fari gida 11, daga zango na 0 zuwa na 10. Kowane zango ya ninka na ƙasa da shi haske sau biyu. Zango na 0 baƙi ne ƙirin, na 10 farin takarda ne zalla. Na 5 shi ne ruwan tokar da mita ke so. Na 3 inuwa ce mai duhu amma ana ganin saƙar tufa a ciki. Na 7 fari ne da ake ganin ninkinsa sosai, na 8 kuma shi ne farin ƙarshe da ke da ɗan sauran bayani.

To, yaya ake aiki da shi? Ka zaɓi abu guda mafi muhimmanci a hoton, ka matsa kusa ka auna shi shi kaɗai, sannan ka ajiye shi a zangon da kake so. Idan inuwa ce kake so ta zauna a na 3, mita ta ba ka lissafin na 5, sai ka rage mataki biyu. Idan farar riga ce kake so a na 7, sai ka ƙara mataki biyu. Da ka ajiye abu ɗaya, sauran abubuwan za su faɗa zangunan da haskensu ya kai su, kuma kana iya auna su ka san inda suka faɗa tun kafin ka danna.

Idan tazarar ta yi yawa fa, kamar da tsakar rana? Nan ne rabin aikin na biyu. A fim na baƙi da fari, tsawon lokacin wanki ya fi tasiri a wurare masu haske fiye da inuwa. Saboda haka Adams yakan ba fim isasshen haske don inuwa ta fito, sannan ya rage lokacin wanki don fari ya sauko zango ɗaya ko biyu. Ranar hazo kuwa, da komai ya yi lis, sai ya tsawaita wankin. Yakan rubuta lissafin kowane hoto a littafi, kuma da yake fim ɗinsa falle-falle ne, kowanne yana samun wankin da ya dace da shi.

Ranar da mita ta ɓace

Abin mamaki, hotonsa mafi shahara ba da mita ya ɗauke shi ba. Ranar 1 ga Nuwamban 1941, da yamma, yana tuƙi a New Mexico tare da ɗansa mai shekara 8 da abokinsa Cedric Wright, bayan yini guda da bai samu abin kirki ba. Kusa da wani ƙauye mai suna Hernandez ya hango wata ya fito a saman duwatsu, rana kuma tana dab da faɗuwa, sauran haskenta na dukan fararen gicciyen maƙabartar ƙauyen. Ya tsayar da mota, aka yi ta fito da kaya cikin gaggawa, aka kafa babbar kyamara mai fim inci 8 da 10. Mita ta ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Sai ya tuna adadin hasken wata da ya haddace, 250 a ma'aunin da mitarsa ke amfani da shi. Ya ajiye watan a zango na 7, ya lissafa ƙarfin fim ɗinsa da abin da matata za ta ci, ya samu kimanin daƙiƙa 1 a ƙofar f/32. Ya danna. Kafin ya juya fim ya ɗauki na biyu, rana ta sauka daga kan gicciyen. Falle ɗaya tak ya samu.

Nagetif ɗin ya yi wuyar bugawa, domin ƙasan hoton bai samu isasshen haske ba. A 1948 ya yi kasadar ƙara wa wannan ɓangaren ƙarfi da sinadari. A tsawon shekaru ya buga hoton, wanda ake kira Moonrise, Hernandez, fiye da sau 1,300 da hannunsa, kuma saman na ƙara duhu daga bugu zuwa bugu. Yakan kwatanta nagetif da rubutaccen kiɗa, bugawa kuma da kaɗa shi a gaban jama'a. Ba sa'a ce ta ba shi hoton ba. Ya shekara yana auna haske har lambobin suka zauna masa a ka, shi ya sa ranar da na'ura ta ɓace hannunsa bai yi rawa ba.

Fuskoki a Manzanar

An sha sukar Adams da cewa duniya na cin wuta shi yana can yana ɗaukar duwatsu. Amma akwai aikin da ya yi wanda ya amsa wannan suka. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamban 1941, Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan umarni a Fabrairun 1942 wanda ya ba da damar kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gidajensu a gaɓar yamma, aka tsare su a sansanoni. Kusan kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, a Amurka aka haife su. Laifinsu kawai inda kakanninsu suka fito.

Ɗaya daga cikin sansanonin shi ne Manzanar, a busasshen kwarin Owens na Kalifoniya, wurin ƙura da rana, inda aka tsare mutum kimanin 10,000. Daraktan sansanin, Ralph Merritt, ya gayyaci Adams, ya riƙa zuwa a 1943 da 1944. Ya ɗauki manoma a gona, da ma'aikatan jinya, da 'yan makaranta, da fuskoki da yawa daga kusa, kowace da sunanta. A nan duk iliminsa na haske ya koma kan abu ɗaya: fuskar mutum ta fito da mutuncinta ko da rana na dukanta. A sansanin ya haɗu da Toyo Miyatake, mai hoto daga Los Angeles da aka tsare, wanda ya shigo da idon kyamara a ɓoye aka haɗa masa akwatin katako.

A 1944 hotunan suka fito a littafi mai suna Born Free and Equal, kuma aka nuna su a gidan adana zane-zanen zamani na New York. Wasu suka zarge shi da goyon bayan abokan gaba. Daga baya wasu suka ce ya nuna murmushi da yawa, bai nuna waya mai ƙaya da hasumiyar masu gadi yadda ya kamata ba. A 1965 ya miƙa hotunan, sama da 200, ga babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, inda suke har yau a matsayin shaida.

Fata mai duhu da farar riga

A jadawalin da Adams ya rubuta, fatar Bature a rana tana zango na 6, fata mai duhu kuma na 5. A zahiri da yawa daga cikinmu mun fi haka duhu, muna iya sauka zuwa na 4. Masana'antar hoto ta daɗe ba ta damu da wannan ba. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa ɗakunan wanki wani kati mai hoton farar mace don daidaita injinan buga hoto mai launi, sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launi daban-daban. Masu hoto na Sudan, irin su Rashid Mahdi na Atbara da Jadallah Jubara na Khartoum, waɗanda dukansu suka rasu a 2008, sun yi aikinsu a ƙasar da baƙar fuska da farar jallabiya ke haɗuwa kullum a hoto guda.

Ranarmu kuma ba ta wasa. A yankin Sinnar da Wad Madani, rana na bi ta saman kai sak sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Hasken da ke sauka daga sama kai tsaye yana jefa ido cikin rami mai duhu, rawani ko mayafi ya ƙara nasa. Ka auna rigar ka ajiye ta a zango na 7. Idan fuskar ta yi ƙasa da ita mataki huɗu, ta faɗa na 3 ke nan, da kyar za a gane mutum. Babu saitin da zai gyara wannan, sai dai a rage tazarar. A mai da mutum bakin rakuba ko ƙarƙashin darbejiya, inda inuwa ke kallon fili. Ko wani ya riƙe farin zane a gefe ya mai da haske kan fuskar. Ko a kunna filas duk da rana ce. Ko a jira bayan la'asar.

Abu ɗaya ya juye tun zamanin Adams. Fim ɗin nagetif ya fi jure yawan haske, inuwa ce ke ɓacewa idan haske ya gaza. Kyamarar zamani da waya kuwa, farin da ya ƙone ya tafi ke nan, amma inuwa ana iya ɗago ta daga baya. Don haka yanzu fari ake karewa. A waya, ka taɓa fuskar mutum a allo, sannan ka ja alamar rana ƙasa a hankali har ninkin rigar ya dawo. A kyamara, ka zaɓi awon ɗigo guda, wanda ke auna ƙaramin wuri maimakon fili duka. Idan babu katin toka, tafin hannu ya isa: yana kusan zango na 6 ga yawancin mutane, ka auna shi a hasken da ke kan mutumin, ka ƙara mataki ɗaya. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da ba ta buƙatar mita. Da rana tsaka babu gajimare, a sa ƙofa f/16, saurin ƙiftawa kuma ya yi daidai da lambar ISO, wato ISO 100 da kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. A kan farin yashi ko bakin kogi, a matse zuwa f/22.

Ƙarshen tafiya

Duk da sunan da ya yi, Adams ya shekara da shekaru yana ciyar da iyalinsa da hoton talla da na kamfanoni, sai a shekarun 1970 hotunansa suka fara tsada. Bai riƙe iliminsa a ƙirji ba. Ya taimaka wajen kafa sashen hoto a gidan adana zane-zanen zamani na New York a 1940, ya kafa sashen koyar da hoto a wata makarantar fasaha a San Francisco bayan yaƙi, ya kasance cikin waɗanda suka kafa mujallar Aperture a 1952. Littattafansa uku kan kyamara da nagetif da bugawa, waɗanda aka sabunta tsakanin 1980 da 1983, har yau ana karanta su.

Ya yi shekara 37 a kwamitin Sierra Club. Littafin hotunansa na 1938 ya taimaka wajen shawo kan gwamnati ta mai da Kings Canyon gandun da doka ta kare a 1940. A 1977 aka sa hotonsa na duwatsun Teton da kogin Snake cikin hotuna sama da 100 da kumbon Voyager ya tafi da su sararin samaniya. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya ba shi lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a Amurka.

Ya rasu ranar 22 ga Afrilun 1984 a Monterey, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 82. Shekara guda bayan haka aka raɗa wa wani tsauni a gefen Yosemite sunansa, nagetif ɗinsa kuma suna ajiye a cibiyar hoto ta Jami'ar Arizona, wadda ya taimaka aka kafa a 1975. Kyamarori sun sauya ƙwarai tun daga lokacin, yanzu suna gane fuska, suna haɗa hotuna da yawa su fitar da guda. Amma idan tazarar haske ta fi ƙarfin na'ura, dole wani abu ya tafi, kuma mai riƙe da kyamarar ne ya kamata ya zaɓi abin da zai zauna.